Allurar insulin da azumin Alhamis: abin da ya faru da Baba mai albasa

Ni nas ce, a Agege aka haife ni can na tashi, iyayena ne suka zo daga Katsina tun kafin a haife ni. Shekarata 9 ina wannan aiki, kuma a asibitin da nake yanzu nan Legas ni kaɗai ce mai jin Hausa a ɗakin maza. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, shi ma mara lafiyan Baba kawai zan ce masa don haka nake kiransa. Na tambaye shi da ɗansa kafin in rubuta wannan, suka ce in rubuta ko wani zai amfana.

Baba mutumin Aliero ne ta jihar Kebbi, ya kai shekara 68, albasa yake saukewa a kasuwar Mile 12 tun yana saurayi. Ciwon suga ya fi shekara 10 a jikinsa amma bai taɓa zama majinyacin wani asibiti ba, kemis ɗin unguwa ne ke ba shi magani iri biyu, metformin da glibenclamide, wanda mutane suka fi sani da Daonil, in ya ƙare ya aika yaro a sayo. Ƙusa ce ta huda silifa ta shige masa tafin ƙafa wajen sauke kaya, bai ma ji ba saboda suga ya riga ya kashe masa jin ƙafar, sai da wurin ya kumbura ya fara wari ɗansa ya kawo shi ranar wata Talata da hantsi.

Da aka auna sugarsa 340 ne. Ciwon ya yi mugunya sosai, awon jini kuma ya nuna ƙodarsa ta ɗan yi rauni. Likita ya kwantar da shi, ya rubuta a fayil cewa a dakatar da magungunan haɗiya na suga duka biyun, a koma allurar insulin, Mixtard 30, yunit 22 da safe 12 da yamma kafin abinci, sai maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da wankin ciwo kullum. Tsari ne mai kyau ba abin cewa. Duk wannan bayani da Turanci aka yi shi, ɗan Baba ne ya yi tafinta da ɗan burokar da ya tsinta a kasuwa, shi kuma Baba ban da "na gode" da "sannu" ba abin da ke haɗa shi da likita.

Ranar da rana na shigo aiki na ga dattijo da hula zanna da carbi a gado na 6 na ce Baba sannu ya jiki, wallahi sai da ya miƙe zaune don murna. "Ɗiyata ke Bahaussa ta?" Muka gaisa, ya tambayi garinmu, ya tambayi mahaifina, ya sa mini albarka. Laraba ma haka, na wanke masa ciwo muna hira yana ba ni labarin yadda ake adana albasa a rumbu ta kai wata da watanni. Kwana biyu ina hira da mutumin nan da harshensa, ban tambaye shi ko akwai magani a jikinsa ba, ban tambaye shi ko ya fahimci me ake yi masa allura dominsa ba. Na duba fayil na ga an rubuta an dakatar, sai na ɗauka an dakatar ɗin. Wannan kason nawa ne a cikin lamarin kuma har yau yana damuna.

To ga yadda Alhamis ta kasance, kamar yadda muka haɗa labarin daga baya.

Baba ya fi shekara 30 yana azumin Litinin da Alhamis, ba ya sha sai dole. Wajen ƙarfe 4:45 na asuba ya tashi ɗansa da ke kwance kan tabarma a baranda, yaron ya zuba masa kunun da ya rage a fulas, ya sha kamar rabin kofi da dabino 3, sannan ya sa hannu a aljihun kaftaninsa da ke rataye jikin loka ya ɓallo Daonil ɗaya ya haɗiye kamar yadda ya saba kowace safiya, ya yi niyya. Ba wanda ya gani. Nas ɗaya ce a ɗakin da dare da gado 14, a lokacin tana can ƙarshen ɗaki tana fama da wani da numfashinsa ke sarƙewa.

Ƙarfe 6 ta zo da keken magani. Bayarbiya ce, ta girme ni a aiki, kuma in gaskiya za a faɗa tana cikin masu tsantseni a cikinmu, irin waɗanda in an katse su suna tsakar zuƙo allura sai sun koma daga farko. Ta duba suna da lambar fayil, ta huda yatsa ta auna, 168. Ta duba kwalbar ta ga sunan daidai kwanan watan bai wuce ba, ta murza ta a tafin hannu don irin mai fari-farin nan ce da sai an gauraya, ta ɗauki sirinjin insulin mai 100, wato yunit 100 a kowace mililita, wanda ya dace da kwalbar, ta zuƙo 22, ta kira nas ɗin ɗakin mata ta duba mata adadin don dokarmu ce insulin sai ido biyu. Sannan ta ce masa "Baba, yu don cop?" wato ka ci abinci, tana nuna baki da hannu. Baba ya gyaɗa kai. Ta yi masa allura a fatar ciki wajen 6:15, ta sa hannu a takarda.

Baba bai yi ƙarya ba. Ya ci ai, ya yi sahur.

Ƙarfe 7 da wani abu aka kawo karin kumallo, ya tura wa ɗansa. Ƙarfe 8 muka karɓi aiki, aka ce gado na 6 ya kwana lafiya, suga 168, an yi insulin. Da muka zo kan gadon ni da idona na ga yaron a gefe yana cin abincin cikin tiren, na ɗauka ragowa ce Baba ya bar masa, irin yadda iyaye ke yi. Na gaishe shi ya amsa da fara'a na wuce.

Wajen 10:30 ina wankin ciwo a gado na 2 sai na ji salati. Yaron ne, "Anti ki zo, Baba na wata irin magana." Na tarar da shi ya jiƙe sharkaf da zufa, rigar ta manne a ƙirji, fatarsa sanyi ƙalau, hannunsa na karkarwa carbin ya faɗi ƙasa, idonsa a buɗe amma ba ya kallon kowa, yana ta lissafin buhu yana kiran sunan wani direba. Kafin in ɗauko na'urar awo ya daina maganar gaba ɗaya, kansa ya langaɓe. Wani maƙwabcin gado ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, yaron kuma ya riga ya ɓalle murfin wata gora ta ruwan tofi yana ƙoƙarin ɗura masa. Na riƙe hannunsa na ce ƙanena dakata, wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi komai ta baki, huhu zai tafi. Na huda yatsa. 38.

Ga wanda bai sani ba, da zarar suga ya sauka ƙasa da 70 an shiga matsala, ƙasa da 54 kuwa abin ya yi tsanani, don ƙwaƙwalwa da suga take aiki kuma ba ta da ma'ajiyar kirki, in ya daɗe a haka zai iya kawo farfaɗiya ko suma mai tsawo ko lahanin da ba ya gyaruwa ko ma rasa rai. Da ace yana iya haɗiya da sai a ba shi kamar giram 15 na sukari, cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15. Amma shi ya wuce nan. Na kwantar da shi ta gefe, na ƙwala wa abokiyar aikina kira ta kirawo likita, Allah ya taimaka akwai kanula a hannunsa ta maganin jijiya kuma tana tafiya. Likita ya ba da umarni aka tura masa ruwan suga mai ƙarfi, dekstros 50, an sirka shi, a hankali, ina kallon wurin kanular kar ya zube ƙarƙashin fata don yana ƙona nama. Sirinjin bai ƙare ba Baba ya ja dogon numfashi ya fara ƙifta ido. Bayan minti 15 awo ya nuna 142, aka ɗaura masa ƙarin ruwa mai suga kashi 10.

Ya kalli robar da ke rataye, ya kalli hannunsa, ya kalle ni. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Ɗiyata, azumina ya karye ko?"

Jikina ne ya yi sanyi. Na ce Baba azumi kake yi? Ya ce yau Alhamis mana. Na ce to me ka ci? Ya lissafa mini, kunu da dabino "da maganina". Na ce wane maganin? Ya nuna kaftani. Na sa hannu na zaro farar leda an ƙulle ta tamau, ciki katin Daonil saura ƙwaya 4, katin metformin, sai wani garin magani a ƙunshin takarda da ya ce na ɗaci ne wani ya ba shi a kasuwa. Tun Talata yake shan abinsa a kan allurar. A tunaninsa allurar ta ciwon ƙafa ce, suga kuma ai yana da maganinsa. Ɗan ya ce shi ma abin da ya fahimta kenan, kalmar da likita ya faɗa ta dakatarwa ta wuce shi, kuma ya ji nauyin ya ce a maimaita.

Na gaya wa likita nan take, kuma gara da muka sani, don da rana wajen 3 sugar ya sake zamewa zuwa 61 duk da ya ci tuwo. Glibenclamide haka yake, yana iya kai awa 24 yana aiki, in ƙoda ta yi rauni kuma sai ya ƙara daɗewa a jiki, shi ya sa jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba. Muka yi ta awo duk awa ɗaya har dare, likita ya hana allurar yamma ya sake lissafi washegari.

Yanzu bari in zauna kan abin da ya fi tsaya mini a rai. A makaranta an haddatar da mu abu 5 kafin ba da magani: mutumin ne, maganin ne, adadin ne, hanyar ce, lokacin ne. Ka ɗauki takardar ranar ka bi su ɗaya bayan ɗaya, duk an cika. Ba a ba wani maganin wani ba, ba a karanta rubutun likita a karkace ba, ba a yi irin kuskuren nan da aka sani na harafin U da ake ɗauka sifili ne 10 ta koma 100 ba, ba a haɗa sirinji mai 40 da kwalba mai 100 ba. Takarda fes, mutum kuma ya kusa tafiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu namu bangon ba a takarda ya tsage ba, a tsakanin bakin nas da kunnen mara lafiya ne.

Ka ga ita tambayar kanta. "Ka ci abinci?" tambaya ce ta abin da ya wuce, alhali insulin abin da ke gaba yake jira. Mixtard 30 haɗi ne, kashi 30 mai saurin aiki kashi 70 mai jan lokaci, yana farawa cikin rabin awa, ƙarfinsa ya fi yawa tsakanin awa 2 zuwa 8 bayan allura, kuma ana so mutum ya ci abinci cikin minti 30. Wato allurar 6:15 ta yi lissafin karin kumallo da abincin rana duka. Baba kuwa a niyyarsa ba abin da zai shiga cikinsa sai magariba, wajen 7 saura a nan Legas, fiye da awa 12. Tambayar da ta dace ita ce za ka ci yanzu, kuma za ka ci da rana? Kuma a tsaya a ga tiren ya zo, a ga cokali ya shiga baki. Gyaɗa kai ba amsa ba ce, musamman wajen dattawanmu. Bahaushe in baƙo ya yi masa magana da harshen da bai ji ba, kuma baƙon nan mai farin kaya ne da ke ɗawainiya da shi, zai ce to ne don kara, ba zai so ya zama mai wahalar da mutane ba. Na ga wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, daga 'yan Agege har na Idi-Araba har masu zuwa daga Alaba Rago, musamman waɗanda suka zo da girmansu.

Sannan shi 168 ɗin ma ya ruɗe mu. An rubuta shi a matsayin awon wanda bai ci komai ba tun dare, alhali awon bayan kunu da dabino ne, ga kuma ƙwayar da ta fara aiki a ƙarƙashi. Da an san haka da ba a kalli lambar da kwanciyar hankali ba.

Maganar azumi kuwa, da Ramadan ne da kowa ya tambaya, har abokan aikina Kiristoci sun san su ce wa musulmi kana azumi, Legas ce kowa na da maƙwabci mai azumi. Amma wa zai kawo azumi a ransa ranar wata Alhamis a tsakiyar shekara? Ni ce ya kamata. Ni na tashi a gidan da kakata ke yin Litinin da Alhamis da Sittu Shawwal da Tasu'a da Ashura da kwana ukun tsakiyar wata, na san mai carbi irin Baba da wuya a ce ba ya yi. Kuma mai azumin nafila ba ya shela, ɓoyewa ma yake so don lada. Idan ba a tambaya ba ba zai faɗa ba.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani gangami na rage cutarwar da magani ke jawowa, da burin rage mai tsanani da rabi cikin shekara 5, ta kuma ce kuskuren magani na cin kimanin dala biliyan 42 a shekara a duniya. Wurare 3 ta ce a fi sa ido: magunguna da yanayi masu babban haɗari, mutum mai shan magani da yawa lokaci guda, da lokacin da mara lafiya ke sauya hannu, daga gida zuwa asibiti ko daga wani ma'aikaci zuwa wani. Da na koma na karanta bayan abin ya faru sai na ga Baba ya faɗa cikin ukun a safiya ɗaya. Insulin, ledar aljihu, da miƙa aikin ƙarfe 8 da aka ce an yi allura ba a ce an ci abinci ba.

Da aka zauna taro washegari akwai masu son a ba nas ɗin dare takardar tuhuma a wuce wurin. Ita kam tana ta kuka tana cewa ta tambaye shi. Na tashi na ce in za a ba ta to a haɗa da ni, don ni na ga tiren, kuma ni ce mai Hausar da ta kwana biyu ba ta tambaya ba. Ba don in kare ta na faɗa ba, don in aka hukunta mutum ɗaya aka rufe fayil gobe wani Baban zai zo ya tarar da ramin yana nan, ƙari ma ma'aikata su koyi ɓoye kuskure. Metiron, wato shugabarmu ta nas-nas, ta saurara, Allah ya saka mata. Aka rubuta rahoton lamarin ba tare da ɗora wa mutum ɗaya ba, aka canza wasu abubuwa. Yanzu insulin ɗin safe ba a yinsa sai abinci ya iso ɗaki, kuma a takarda akwai gurbin da za ka rubuta ya ci ko bai ci ba, da kamar nawa ya ci. Ranar kwantar da mutum ana cewa a fito da duk maganin da aka zo da shi, na kemis da na gargajiya, a ɗora kan gado a gani a rubuta, wanda aka dakatar a ba 'yan uwa su mayar gida. Na rubuta musu tambayoyi da Hausa a kati muka manna jikin keken magani, kana azumi yau, za ka ci abinci yanzu, akwai magani a wurinka, da yadda za su furta, kuma na ce in amsar ta wuce e ko a'a su kira ni a waya ko ƙarfe nawa ne. Sun kira ni kuwa, har da ƙarfe 2 na dare.

Abin da ya fi wuya shi ne zama da Baba kansa. Ban ce masa azumi haramun ne gare shi ba, ba hurumina ba ne. Na ce Baba kai ka fi ni sani, ko na Ramadan da yake farilla Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara ya rama a wasu kwanaki, balle nafila. Na gaya masa ƙa'idar da likitocin suga suka fitar kan azumi, cewa in awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a karya nan take, kuma huda yatsa don awo ba ya karya azumi. Ya yi shiru ya ce shekara talatin ɗiyata. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ɗansa ya kira limamin masallacinsu a waya suka daɗe suna magana, daga ƙarshe ya ce ya bari har ƙafa ta warke.

Ya yi kwana 16 aka sallame shi, ƙafar ba a yanke ba alhamdu lillahi. Kafin ya tafi na sa ɗan ya zuƙo allura a gabana sau uku da ruwa har na gamsu, na nuna musu alamun saukar suga, zufa, karkarwa, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, sambatu, na ce kullum a bar sukari ƙulli ɗaya a aljihun da Daonil ke zama. Kwalbar da ba a buɗe ba a firij, ba wajen ƙanƙara ba, wadda ake amfani da ita kuma a wuri mai sanyi nesa da rana, kar ta wuce wata guda.

Yana zuwa wankin ciwo Talata da Juma'a. Juma'ar da ta wuce ina naɗa masa bandeji na ce Baba jiya Alhamis fa. Bai amsa ba, ya kalli ɗansa, ɗan ya kalli ƙasa. Na ce an yi allurar safe? Yaron ya ce a'a Anti, da ya ce zai yi azumin ban yi masa ba, na auna sau huɗu, da la'asar ya kai 290. Na gama ɗaurin, na ɗauki fayil ɗin na ce su biyo ni wurin likita, mu zauna mu huɗu a tsara yadda allurar za ta kasance ranar Litinin.